Mataki Na Huɗu

Kubura ta dawo da la'asar, alli a goshinta,
ta ce, "Kawu, an ba mu kalmar Turanci,
wai lada. A kawo ma'anarta da 'yan uwanta."
Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Lada? Ai wannan tamu ce, 'yar nan,
ita ake nema in an kai wa majinyaci kunu.
Ta ce a'a, tasu ta hawa ce,
ta buɗe littafi ta nuna mini:
tsani ne tsaye a farar takarda,
ba bango, ba kowa.

To zauna. Kin ga wancan na bayan zaure?
Na gwangwala ne, ya girme ki nesa.
Baba Cindo ya ɗaure shi da hannunsa
shekarar da ruwa ya ci katangar gidan rini.
Mataki na huɗu babu,
kuma duk Yakasai an san da haka.
Mai aro ba ya tambaya,
ƙafarsa ce ke tunawa.

Da shi aka yi yaɓen soron Inna Laraba,
da shi aka gyara indararon masallaci,
aka sauko da tantabarar Ɗanlami
da ta yi fushi kwana biyu a kan tanki.
Ya taɓa kwana uku a Fagge ba sallama,
ya dawo da fenti kore a kafaɗa.

Rubuta tsani, shi ne babba.
Kakarki kuranga take cewa,
sa shi, kada ya bi ta kushewa.
Matakala kuwa 'yar uwa ce, amma ta ɗaki:
ba ta zuwa aro, ba ta hawa kafaɗa,
tana nan inda magini ya bar ta
a benayen Kantin Kwari,
kai za ka je mata.
Tsani shi ke zuwa, a kwance, yana karo da lungu,
yara na ihu a ba shi hanya.

Akwai wata ma'anar da hoton bai ɗauka ba.
Mutum ma tsani ne.
Ni na kai Barau wurin maigidan da ya ba shi rumfa,
na tsaya masa, na ce na san ubansa.
Yau shagonsa uku a hawa na biyu.
Shekaranjiya a danjar Ƙofar Mata
ya ɗaga gilashin mota kafin in ɗaga hannu.
Ban ji haushi ba sosai.
Wa ya taɓa waiwayen tsani yana kan soro?
Sai dai rana tana faɗuwa,
kuma ba a kwana a kan rufi kullum.

Kada ki rubuta wannan. Malama za ta sa jan biro.

Rubuta dai cewa ba a hawansa mutum biyu,
ba a tsallake uku don gaggawa,
kuma duk wanda kika hango can sama
yana daga wa mutane hannu,
akwai wani a ƙasa, ƙura na zuba masa a ido,
ya danne ƙafar tsanin da tasa.
Shi ne mai zanen littafinku ya manta.

Baba Cindo bai taɓa karɓar ko sisi ba.
In an ce nawa, sai ya ce a dai dawo da shi.
Don haka ina ga Bature bai yi kuskure ba,
ko da bai san abin da ya faɗa ba.

Muna cikin haka aka yi sallama:
yaron gidan Tela, wayar wutarsu ta tsinke.
Kubura ta riga ni tashi,
ta kama gindin, shi ya kama kan,
suka fita suna goge bangon zaure.
Daga lungu na ji muryarta:
"Ka kula da na huɗu!"